Azumi ya wuce, jikina ya yi sanyi: me zan yi da kwanakin Ista a Legas?

"Baba Katikis, ina gaisuwa. Ni mutumin kudancin Kaduna ne, ina aikin gadi a wajen Ajah. A lokacin Azumi na yi ƙoƙari ƙwarai. Na ajiye giya, duk Juma'ar da ba ni bakin aiki na je Hanyar Gicciye, daren Asabar Mai Tsarki ma a coci na yi shi. Amma tunda aka yi Ista sai jikina ya yi sanyi. Addu'ar safe ta gagare ni, Lahadi biyu ke nan ban leƙa coci ba, kuma ba wanda ya tambaye ni. Cocin babba ne, da Turanci ake komai, a baya nake zama, in an tashi in kama hanyata. Abokaina 'yan ECWA suna ta jana zuwa sujadarsu ta Hausa. Baba, bangaskiyata ce ta mutu? Me ya kamata in riƙa yi a wannan lokaci?"

Ɗana, na gode da tambayarka, Allah ya yi maka albarka. In na fahimce ka da kyau, abu biyu ka haɗa wuri guda. Kana so ka san dalilin da ya sa ƙwazon Azumi ya zube da zarar an ɗaga Alleluya, sannan kana tambaya yadda mutum zai girma cikin bangaskiya a cocin da ba a san sunansa ba. A ganina na biyun shi ne tushen na farkon, amma bari mu bi su daki-daki. Tun kafin mu yi nisa, ka kwantar da hankalinka: bangaskiyarka ba ta mutu ba. Wanda tasa ta mutu ba ya zama yana ƙirga Lahadin da ya rasa.

Kwana 50 da ake mantawa da su

Kowane ɗan Katolika ya san Azumi kwana 40 ne. Kaɗan ne za su gaya maka cewa lokacin Ista ya fi shi tsawo, kwana 50 cur, daga Lahadin Tashin Almasihu har zuwa Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki. Kwana takwas na farko ma Ikilisiya tana ɗaukarsu kamar rana ɗaya ce babba da ta ƙi ƙarewa. In ka lura, babban kyandir ɗin nan da Fada ya kunna a wutar da aka hura a waje daren Asabar Mai Tsarki, yana nan tsaye kusa da bagade, sai bayan Fentikos ake mayar da shi wurin baftisma. Fada yana sa fararen kaya. Karatun farko, wanda a sauran Lahadin shekara daga Tsohon Alkawari ake ɗauko shi, a wannan lokaci daga Ayyukan Manzanni yake fitowa, Lahadi da ranakun aiki duka. Kiristocin farko sun ɗauki murnar nan da muhimmanci har taron bishop-bishop na Nikiya a shekarar 325 ya ce a tsaye za a riƙa addu'a cikin waɗannan kwanaki, ba a durƙushe ba. Yau muna durƙusawa, amma hukuncin yana nuna maka yadda suke kallon lokacin.

To me ya sa mu namu jikin ke mutuwa? Azumi yana zuwa da tsari wanda ido ke gani. An shafa maka toka a goshi ranar Laraba, kowa a cikin danfo ya gani. Juma'a ba nama, da yamma akwai Hanyar Gicciye, ka san abin da za ka bari da ranar da za ka bar shi. Ista kuwa ba ta hana ka komai, saboda haka mutane suke ɗauka an tashi ke nan, sai baɗi. A Legas abin ya fi tsanani. Litinin ɗin Ista hutu ne, jama'a sun tafi "Galili", wato fita shaƙatawa ta bayan Ista, wasu bakin teku, wasu sun yi gida Arewa ko Gabas ba su dawo ba sai bayan mako biyu. Su kansu ma'aikatan coci sun gaji: mawaƙa sun sha gwaji tun watan Fabrairu, yaran bagade sun kwana a tsaye, Fada ya zauna sauraron masu furta zunubi har bayansa ya ƙage. Ga damina ta kama, ruwa ɗaya in ya sauka da asubar Lahadi hanyar Lekki zuwa Epe ta zama abin da ka sani. Saboda haka sanyin da kake ji ba kai kaɗai ba ne, kuma wani ɓangarensa gajiya ce ta jiki kawai.

Kai ɗan manomi ne, za ka gane wannan. Azumi sharar gona ce: an sare, an tara, an ƙone. Wanda ya share gona ya koma gida ya kwanta, da ruwan fari ciyawa za ta rufe ta fiye da da. Ka share taka, ka yi kyau. Yanzu ne lokacin shuka.

Abin da nake gani wurin sababbin masu baftisma

A tsarin da Ikilisiya ke bi wajen karɓar manya, wanda aka sabunta a 1972, koyarwa ba ta ƙarewa da baftisma. Kwanakin Ista an ware su ne domin sababbin su zauna da mu, a warware musu ma'anar abin da suka karɓa, a shigar da su cikin jama'a. Ni aikina ke nan kowace shekara, kuma abin da nake gani ba ya canzawa. Daren Asabar Mai Tsarki za ka gan su a jere da fararen kaya, kakin kyandir yana ɗiga a hannunsu, wasu har da hawaye. Kafin Fentikos benci ya fara yin giɓi. Waɗanda suka tsaya ba lallai su ne suka fi haddace katikisim ba. Su ne waɗanda uban baftismarsu ko uwar baftismarsu ke buga musu waya ranar Asabar da dare, ko waɗanda wata ƙungiya ta riga ta ba su ɗan aiki, ko da jera kujeru ne. Wanda ya san za a neme shi in bai zo ba, yana zuwa.

Kalmar da ta fi tsaya mini a wasiƙarka ita ce "ba wanda ya tambaye ni". Nan ciwon yake. Ka duba Bisharar da ake karantawa kowace shekara a Lahadi ta biyu ta Ista, wato Yohanna sura 20. Toma ba ya nan lokacin da Yesu ya bayyana ga almajirai, sai ya ƙi gaskatawa. Yesu bai bi shi ɗakinsa ba. Sai bayan mako guda, da Toma yana zaune tare da sauran, sannan ya ga raunukan da idonsa. Haka mutanen nan biyu na hanyar Imuwasu a Luka sura 24, da suka gane shi a wurin gutsuttsura gurasa, a daren suka juya Urushalima wurin 'yan'uwa. Ayyukan Manzanni 2:42 kuma ta lissafa abubuwa huɗu da masu bi na farko suka riƙe: koyarwar manzanni, zumunci, gutsuttsura gurasa, da addu'a. Uku daga ciki mutum ba ya iya yinsu shi kaɗai. Azumi kana iya yinsa kai da cikinka a ɗakin gadi. Ista ba ta yiwuwa haka.

Saboda haka aikinka na farko a wannan lokaci ba ƙarin addu'a ba ne, ko da yake za mu zo kanta. Aikinka shi ne a san ka. Ranar Lahadin da ka je, kada ka yi saurin fita. Tsaya ka ji sanarwa har ƙarshe, sannan ka nemi katikis ko ofishin farish ka ce kana so a rubuta sunanka. Ka tambayi wace ƙaramar ƙungiyar unguwa ce ke taruwa kusa da inda kake gadi, domin manyan farish-farish na Legas sukan rarraba mutanensu unguwa-unguwa, a riƙa haɗuwa a gidan wani ana karanta Bishara da yin Rosari. A irin wannan taro na mutum goma sha wani abu ne ake sanin wanda bai zo ba. Sannan ka zaɓi ƙungiya ɗaya tak. Akwai ta maza, akwai ta matasa, akwai Rundunar Maryamu wadda a nan za ka ji ana kira Legion of Mary, akwai ta Vincent de Paul masu kula da matalauta. Ga mai aiki irin naka na fi son Rundunar Maryamu, don taronsu na mako-mako ne, ana kiran suna, kuma bibiyu suke fita ziyarar marasa lafiya. In lokacin taronsu bai dace da aikinka ba, shiga cikin masu tsare ƙofa da jera motoci ranar Lahadi. Sana'arka ce, kuma ba farish ɗin da ya taɓa cewa sun yi masa yawa. Zumunci a ƙafa yake, ko a cikin coci.

Maganar harshe

Ba zan raina wannan ba. Mutumin da ya tashi yana jin ganga da tulu a Mas, Zumuntar Mata suna rangaji da baiko a ka, in ya zo inda ake waƙa da Turanci da Yarabanci da Ibo, dole ya ji kamar a gidan wani yake. Addu'ar da uwarka ta koya maka da Hausa take fitowa.

Amma matsalar tsohuwa ce, kuma a cikin karatun wannan lokacin ma tana nan. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana mantawa da gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce musu su yi haƙuri ba, su kuma ba su fice sun kafa nasu taron ba. An zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, su Istifanus da Filibus, kuma dukansu bakwai sunayen Helenanci gare su. Wato waɗanda abin ya dama su aka ba riƙon maganinsa.

Ita kanta Katolika a Legas baƙi ne suka kafa ta. Kafin a sami Fada mazauni, waɗanda suka riƙe addinin a tsibirin Legas 'yantattun bayi ne da suka dawo daga Burazil, waɗanda ake kira Aguda, da harshen Fotugal a bakinsu. Wani dattijo da ake kira Pa Antonio, wanda ba Fada ba ne, shi yake tara su addu'a. Da Fada Borghero na ƙungiyar 'yan mishan ta SMA ya iso a farkon shekarun 1860, jama'a ya tarar a tsaye. Babban cocin Holy Cross, inda kujerar Akbishop Alfred Adewale Martins take a yau, a gefen unguwarsu yake, kuma har yanzu jikokinsu suna dafa frejon, wake da madarar kwakwa, ranar Juma'a Mai Tsarki. In waɗannan sun iya, mu da muka cika Agege da Mile 12 da Obalende da barikokin soja da na 'yan sanda ba mu da hujja.

Abin da na ga yana aiki shi ne a fara da ƙanƙanin abu. Ka buɗe kunne a bakin ƙofar coci, za ka ji wani yana waya da Hausa. Gaishe shi. Mutanen Filato, Adamawa, Taraba, Zuru, kudancin Borno, suna nan a kusan kowane farish, kowa a ɓoye a bencin baya yana zaton shi kaɗai ne. In kun kai biyar ko shida, ku je wurin Fada tare ku roƙi wuri ku yi Rosari da Hausa bayan Mas. Kada ku fara da neman a ba ku Mas na Hausa, domin wannan yana buƙatar Fada mai jin harshen da kuma lokaci a jadawalin da ya riga ya cika. Ku fara da Rosari, ku koyi waƙa ɗaya ta baiko, ku roƙi mawaƙa su ba ku fili wata Lahadi. Ranar Fentikos ta fi kowace rana dacewa da wannan roƙo, tunda karatun ranar ma labarin yadda kowa ya ji bishara da harshensa ne. Ka kuma tambaya a cocin Katolika na barikin da ya fi kusa da kai, don a nan mutanenmu suka fi taruwa.

Game da abokanka 'yan ECWA, 'yan'uwanmu ne cikin Almasihu, baftisma ta haɗa mu. In sun gayyace ka suna ko biki ko taron waƙa, je ka, ka yi addu'a tare da su da zuciya ɗaya. Sai dai sujadarsu ba ta ɗauke maka Mas na Lahadi, kuma ɗan Katolika ba ya karɓar jibi a can. Ka kuma lura da abin da ke jan ka. Ina zaton rabinsa Hausa ce, rabinsa kuwa don su sun san sunanka suna kuma nemanka. Wannan darasi ne gare mu, ba laifinsu ba ne.

Aikin gadi da ranar Lahadi

Lahadi biyun da ka rasa, kai ka san dalilinsu. In aiki ne ya tsare ka, ba yadda za ka bar ƙofa, Ikilisiya ba ta ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. In kuwa kana da hali ka kwanta, wannan abin kaiwa wurin Fada ne, ka furta, ka wuce wurin. Kada kunya ta sa biyu su zama goma. Ka sani kuma Mas na yammacin Asabar yana cika wajibin Lahadi, haka dokar Ikilisiya ta tanada, sannan yawancin manyan coci-cocin Legas suna da Mas fiye da ɗaya ranar Lahadi, daga na sassafe har na yamma. Mai gadin dare yana iya sauka daga aiki ya wuce na farko kai tsaye. Ka zauna da abokin aikinka ku tsara. In Musulmi ne ma abin ya fi sauƙi: ka riƙe masa ƙofa ranar Juma'a da azahar, ya riƙe maka Lahadi da safe. Na ga wannan yarjejeniya ta yi shekaru tana tafiya a gidaje da dama ba tare da maigida ya sa baki ba.

Akwai kuma wajibin da ya rataya a kan wannan lokaci musamman. Tun taron Lateran na huɗu a 1215 aka wajabta wa kowane ɗan Katolika ya furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi Jikin Almasihu a lokacin Ista. Dokar tana nan a kundin dokokin Ikilisiya na 1983. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kamar a ce kada a kasa haka. In Turanci ne ke hana ka zuwa furta zunubi, gaya wa Fada tun farko, ka yi da Burokan ɗin da kake ciniki da shi a kasuwa. Ba jarrabawa ba ce.

Addu'ar da za ta shiga ɗakin gadi

A nan ina roƙonka kada ka ɗauki kaya da yawa. Littafin Ayyukan Manzanni sura 28 ne. Sura ɗaya a rana, da Hausa, a takarda ko a waya, za ka gama kafin Fentikos ko da ka makara da farawa. Karanta shi da tambaya ɗaya a ranka: a wannan sura, wa ya nemi wa? Za ka ga Hananiya ya je wurin Shawulu, Barnaba ya tsaya masa a gaban manzanni, Lidiya ta buɗe gidanta, mai tsaron kurkukun Filibi, wanda shi ma gadi yake yi, ya wanke wa Bulus da Sila raunuka da tsakar dare.

Da ƙarfe shida na safe, sha biyu, da shida na yamma, maimakon addu'ar Mala'ikan Ubangiji, a wannan lokaci ana yin wadda ake taya Maryamu murnar tashin Ɗanta, Regina Caeli. Ba ta kai minti ɗaya ba, kana iya yinta da makulli a hannu. Watan Mayu kuma kullum yana shiga cikin lokacin Ista, ko duka ko wani sashe, kuma farish-farish suna yin Rosari kowace yamma a watan. Wanda ke son addu'ar Jinƙan Allah ta ƙarfe uku, ita ma tana da gurbi, tunda Paparoma John Paul na Biyu ya sa wa Lahadi ta biyu ta Ista wannan suna a shekarar 2000. Amma ka zaɓi biyu ka riƙe, ya fi ka tara biyar ka watsar a mako guda.

Giyar da ka ajiye fa? Ikilisiya ba ta haramta ta ba, maye ta hana. Kai dai ka riga ka ga kuɗin da ya saura a aljihunka cikin kwana 40 ɗin nan. In ka koma mata kamar da, to hutu kawai ka ba ta. Shawarata ka yanke wani kaso na kuɗin ya riƙa tafiya gida ko cikin akwatin matalauta har Fentikos, ka ga yadda zuciyarka za ta kasance.

Kwana 40 bayan Ista, ranar Alhamis, ake bikin Hawan Yesu zuwa sama. Ranar aiki ce, saboda haka ka shirya mata tun da wuri, ko Mas na asuba ko na yamma. Washegari ake fara addu'ar kwana tara ta roƙon Ruhu Mai Tsarki, koyi da manzanni da Maryamu da suka zauna jira a bene. Paparoma Leo na 13 ya umarci a riƙa yinta a dukan coci-coci tun 1897. In ka sami mutanenka biyar ɗin nan kafin lokacin, ku yi ta tare.

Inda nawa ya tsaya

Ni katikis ne, ba Fada ba, kuma daga wasiƙa ɗaya nake maka magana. In sanyin nan ya wuce addu'a, ya taɓa barcinka da cin abincinka, ka daina son magana da kowa har da mutanen gida, to wannan ba maganar lokacin Ista ba ce kaɗai. Ka gaya wa Fada, ka kuma ga likita, ba abin kunya ba ne. Gadin dare da kaɗaici suna cin mutum a hankali.

Ba ka kuma faɗa mini ko kana da iyali ba. Da yawa daga cikin mutanenmu da ke zama a bencin baya, abin da ya kai su can shi ne aure: an biya sadaki, an yi na gargajiya, ba a ɗaura a coci ba, sai suka daina karɓar Jikin Almasihu, daga nan suka daina zuwa. In haka ne naka, hukuncinsa a hannun Fada yake, kuma gyaransa bai kai tsadar da ake tsoro ba, don coci ba ta ce sai ka yanka sa ko ka kama zauren biki ba. Haka in ba a yi maka sakramentin Tabbatarwa ba, ka faɗa a ofis a sa ka cikin aji. A duka biyun, abin da za a fara tambayarka shi ne katin baftisma, domin rajistarka tana can a farish ɗin da aka yi maka ita. In katin yana gida a ƙasan akwatin Mama, sa a ɗauki hotonsa gaba da baya a turo maka ta WhatsApp kafin Lahadi. In ya ɓace, ka riƙe sunan cocin da shekarar da aka yi maka, katikis ɗinku na gida zai duba littafi a rubuto maka wani.